Katakon Malam Isyaku

"Wallahi Murja, ba haka nake nufi ba..."

Ko kallon Lukman ba ta yi ba. To me yake nufi? Duk Wudil babu wayar da hirar nan ba ta shiga ba. Lukman ɗan Lajawa, zakaran gudun mita sittin a rufaffun filayen Turai, ya zauna gaban 'yan jarida, bakinsa ko rawa bai yi ba, ya ce shi ya koya wa kansa gudu, bai taɓa samun mai horarwa ba sai da ya bar ƙasar.

To Malam Isyaku fa? Mahaifinta, tsohon malamin wasanni, wanda ya tsinto shi da kaushi a ƙafa, ya dinga goya shi a keke zuwa yashin bakin kogi? Babu bindigar tashi, sai katako biyu da yake bugawa. Dokarsa ɗaya ce: wanda ya ɗago kafin ƙarar katako, an kore shi ke nan, babu roƙo.

Tun da tsohon ya ji hirar bai ƙara ambaton sunan Lukman ba. Yau kuma ga shi cikin farar shadda, wai ya zo a tsayar da maganar aurensu. Abin haushin ma, har gobe tana son marar kunyar.

Malam ya fito daga zaure, bai amsa gaisuwa ba. Katakon nan ne a hannunsa.

"Tunda kai ka koya wa kanka, nuna min. Durƙusa."

Lukman ya dubi Murja, ta kau da kai. Ya durƙusa a ƙofar gida, yatsu a ƙasa, ya ɗaga ƙugu irin na mai shirin tashi a tsere. Malam ya zagaya bayansa ya tsaya, ya ƙi bugawa.

Rana ta take. 'Yan acaɓa suka fara tsayawa suna shewa, wayoyi suka fito. Gumi ya jiƙa shaddar sharkaf.

"Ka daure, masoyi... don Allah ka daure," ta faɗa ƙasa-ƙasa.

Sai ta ga Baba ya buɗe hannuwa a hankali, idonsa taf da ƙwalla. Ya huce, bugawa zai yi! Daidai nan wani shaƙiyyi ya ce yau duniya za ta ga zakara a ƙasa.

Lukman ya miƙe zumbur yana kaɗe gwiwa.

"Haba Malam, ni fa yanzu ba yaro ba ne. An san ni a..."

Kas!

Ƙarar ta zo masa ta baya. Ya juya, bakinsa a buɗe. Duk wurin babu wanda ya fi shi sanin dokar.

Malam ya miƙa wa Murja katakon, ya ce ta saka a murhu. Lukman ya kira sunanta, ya sake kira. Ta rungume katakon a ƙirji ta shige gida, ba ta bari kukan ya ƙwace mata ba sai da ta wuce zaure.