Zaren Ƙasa

"Ba ni ba ne, Maigida. Ni da hula nake ɗinkawa, me zan yi da yadin mata?"

"Hular wa? A shagona, a lokacin aikina?"

Dogo ya sosa ƙeya. Bakinsa ne ya kai shi, kamar kullum.

Da safen nan aka tarar an yanke gefen wani yadi ruwan ɗorawa. A shagon, kayan makaranta ake ɗinkawa, fari da shuɗi, wannan kuwa na matar Maigida ne, kuma kowa ya san wa ke tsoron wa a gidan. Maigida ya kafa kyamara a saman ƙofa don kama masu aikin kansu, amma da ya fita cin abinci sai a yafa mata mayafi, kowa ya jawo nasa.

"In an tashi ɓarawo bai fito ba, Dogo ka kwashe kayanka."

Inna Mai Guga ta ajiye dutsen gugarta. 'Ya'yan Dogo take tunani. Ta ɗaga yadin ta duba: yanka ne miƙaƙƙe, tas. Dogo kuwa in ya riƙe almakashi sai ka ce ɓera ya ci.

Ta matsa wajen Gwana, mai ɗinka jakunkuna a ɓoye.

"'Yar nan, jiya da rana kina ina?"

"Bakin titi, Inna, ina tallar jakata. Tambayi mai shayi, har tayi ya yi mini na rashin kunya."

Inna ta koma kan gugarta. Kowane tela da kwandonsa. Ta ɗauko farar riga, ta juya cikinta, sai hannunta ya tsaya. Ɗinkin waje fari ne, na ciki ruwan ɗorawa. Wani ya gama aikinsa cikin sauri, ya canja zaren sama, ya manta da na ƙasa. Kwandon wadda ake ce wa Shiru ne, ita kuwa ba ta taɓa jawo aikin kanta a gaban kowa ba.

Ta bari sai da aka watse cin abinci.

"Ɗiyata, buɗe keken naki in ga zaren ƙasa."

Shiru ba ta buɗe ba. Jakarta ta zuge, ta fito da 'yar riga ruwan ɗorawa mai tattara a wuya.

"Da tana nan, Inna, da yanzu ta kawo nan." Ta nuna gwiwarta. "Ta bara ta yi mata kaɗan."

Bara aka binne ɗiyar Shiru. Inna ce ma ta riƙe uwar ranar.

"Mayar, mayar da sauri. Zan san abin da zan ce."

Sai Inna ta ɗaga kai. Yau da rikicin nan, babu wanda ya tuna da mayafi. Kyamarar na kallonsu, kuma Maigida bai fita ba.

Ya shigo da waya a hannu, Dogo na bayansa.

"Sannu da aiki, Inna, kin hutar da ni. Ke, ajiye rigar ki tafi. Dogo, koma kekenka."

Shiru ta ninke rigar a hankali, ta shafa wuyan, ta ajiye. Inna ta kasa haɗa ido da ita.

Dogo ya ɗauki rigar ya tura a jakar Shiru.

"Wuce mu tafi, ƙanwata. Maigida, ka ba kyamarar taka keken ta ɗinka maka."

Ya buga ƙofar har kyamarar ta karkace.