Duk Wanda Ya Bi Ka

Masuntan tafkin Jabi ba su da sirri. Ka ɗago koma da tarwaɗa goma, kafin ka waiga kwale-kwale bakwai sun kewaye ka, gobe gurbin ya zama wayam. Haka suka cinye gindin duwatsu, suka cinye bakin ciyawa, har wani masunci, Hamisu, ya koma kai 'yan mitsi-mitsin karfasa kasuwar Kado.

"Oga Hamisu," in ji masu saye, "kifin ne wannan ko jikokinsa?"

Ran Laraba da hantsi ya nufi Karmo wajen wani boka. Ɗakin ba taga. An jera ƙoƙon kan kifi a bango, ga baƙar tukunya a tsakiya, ruwan cikinta yana motsi ba wanda ya taɓa shi.

"Gurbin kamun kifi nake so, nawa ni kaɗai," in ji Hamisu.

"Tsakiyar tafki naka ne," in ji boka. "Amma duk wanda ya bi ka, nawa ne."

"Masu bin nawa? Kwashe su duka!"

"Da bakinka ka faɗa. Tofa."

Ya tofa yawu a tukunyar.

Kifi ya yi ta zuwa. Ya sa wa jirginsa inji, ya gina gida a Nyanya. Masuntan da suka biyo shi ciyawa suka ɗago, suka haƙura, ko ciwon kai bai same su ba. Ashe ba su boka yake nufi ba.

Sadisu aka fara ɗauka, ƙanensa mai bi masa a haihuwa. A busasshiyar tabarma aka same shi matacce, bakinsa cike da ruwa. Aka ce farfaɗiya ce. Mutane sun iya laƙaba wa abu suna don su huta.

Sai matarsa Ikilima ta bi shi sallar La'asar. Tun da ta sallame ba ta sake gane kowa ba, sai buɗe baki take tana rufewa kamar kifi a tudu.

Ya ɗauki hula zai koma Karmo, 'yarsa Muhibba, mai shekara huɗu, ta jawo takalminta.

"Baba, zan bi ka!"

Ya banko ƙofa, ya sa kwaɗo, ya fasa zuwa Karmo, ya ruga tafki.

Shekara uku ke nan yana tsakiyar tafki. Kifi na ruɓewa a jirginsa, ba ya kusantar gaɓa, kada yarinyar ta hango shi ta taso.

Kai mai haɗama da ke son ruwa ya zama naka kai kaɗai, kafin ka tofa, waiga ka ga su wa ke bayanka.