Manomin da Ya Ciyar da Ganye

A wani gari can, an yi wani manomi mai son yabo. Ya dasa dankali, ya barbaɗa masa takin zamani, ganye ya yi kore shar.

Masu wucewa suka ce, "Kai, wannan gona sai kallo!" Sai ya ƙara taki. Suka sake yabawa, ya sake ƙara taki, har yaɗo ya rufe kunya ruf.

Ranar tono ya sa fartanya, ya ciro saiwa siririya kamar wutsiyar ɓera. Ya tona gaba, duk haka. Ya waiga bai ga kowa ba, ya yi maza ya mayar da ƙasa.

Sai ga wata tsohuwa maƙwabciyarsa. Ta ce, "Ɗan nan, gonarka ta burge ni. Gobe zan sayar da awakina in sayi irin takinka."

Manomi ya dubi ganye, ya dubi tsohuwa. Can sai ya sunkuya, ya tono saiwar, ya ɗora mata a tafin hannu.

Ya ce, "Iya, kada ki sayar da ko ɗaya. Ganye na ciyar, ga abin da ke ƙasa."

Da damina ta zagayo, tsohuwa ta kawo kashin awaki, shi kuma ya kawo yaɗo. Suka cuɗa kashin cikin kunya, suka sa takin zamani ɗan kaɗan, kamar gishiri a miya.

Ranar tono masu wucewa suka ce, "Bana ganyen bai kai na bara ba."

Manomi ya ce, "Haka ne. Ku zo ku ɗora mini kwandon nan, ya fi ƙarfina."