Gidan da Ba Shi da Ciki

Rana ta yi ja a bayan katangar maƙwabta, awaki sun shigo, Hadijatu tana kwashe tuwo a bakin murhu, sai wani abu ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Ta yi tsaki, ta ce yaran unguwa ne. Na biyu ya faɗo a tsakar gida, ya gangaro har gabanta. Da ta ɗauka sai ta ga ba dutse ba ne, guntun icen tsamiya ne ɗanye, da sarar gatari a jikinsa. Unguwarsu kuwa, a nan Tambuwal, ba tsamiya ko ɗaya.

Mijinta Gidaɗo yana ɗaki gaban kwamfuta. Sana'arsa ke nan: masu zanen gini su kawo masa tsarin gida a takarda, ya mayar da shi hoto, gida tsaye da fenti da fitilu, ka rantse an gina an tare. Mutum ne mai tsaurin ido. Abokan sana'arsa na Sakkwato sukan turo masa aikinsu ya duba, ya mayar musu ba sassauci: inuwar nan ta saɓa wa rana, gilashin nan ya cika ƙyalli, gidan nan ba rai a cikinsa. Ana yaba shi, ana kuma jin haushinsa.

Salatin matarsa ne ya fito da shi. 'Yarsu Ni'imatu, 'yar firamare mai surutun tsiya, tana tsaye a bakin zaure, hannu ɗaya a kan ƙyaure, tana murmushi. Ko ƙifta ido ba ta yi. Uwar ta kira ta, ta girgiza ta, shiru. Gidaɗo bai matsa ba, domin ya san wannan tsayuwar. Shi ya koya mata ita.

Bara ne wani Alhaji Ɗangiwa na Kebbe ya ba shi aikin hoton gidan da zai gina a bayan gari. Gidaɗo ya hau babur ya je ya ɗauki hoton filin da almuru, don hasken lokacin ya fi ƙawata gini. Akwai tsohuwar tsamiya a filin. Mai zanen ya bar ta a tsarinsa, amma ta tare fuskar gidan, sai Gidaɗo ya goge ta a kwamfuta. Da ya ga hoton ya yi fayau, ya tsayar da Ni'imatu a bakin zaurensu ya ɗauke ta hoto, ya yanko ta ya ajiye a ƙofar sabon gidan. Alhaji ya gani ya ce haka yake so, ba ragi ba ƙari. Aka buga hoton a babban allo aka kafa a filin, aka sare tsamiyar. Ba wanda ya yi wa mazauna cikinta sallama, ba wanda ya ba su wa'adin tashi kamar yadda dattawa ke yi. Sannan Alhaji ya rasu, ginin bai wuce tushe ba. Allon dai yana nan tsaye a daji.

Da ya faɗa wa Hadijatu, ta dube shi ta ce:

"Maigida, duk ɗiyan duniya ba ka samu ta sawa ba sai tawa?"

Daga ranar, kowace magariba icen yana faɗowa, ana jin kai-komo a zaure kamar na baƙin da suka rasa masauki. Ni'imatu ta daina ci. Koko ma sai an ɗura mata, rabi ya dawo. A asibiti aka duba aka ce ba a ga komai ba. Allah sarki, yarinya ta koma sai idanu, murmushin nan kuma bai bar fuskarta ba. Shi ne ma ya fi tayar da hankali.

Aka ɗauko Malam Jumare daga Sanyinna, tsoho mai ƙaramar murya. Ya sa aka zaunar da ita a tabarma bayan la'asar, ya yi ta karatu har inuwa ta cinye tsakar gidan. Sai bakin yarinyar ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito.

"Ya isa, Malam. Ba faɗa munka zo ba."

"Mi kuka nema ga ɗiyar mutane?"

"Gida. An sare namu ba sallama. Munka ga allo, ga gida da fitilu, ga yarinya bakin ƙofa tana maraba. Munka ce ashe musanya anka yi muna. Munka shiga." Kan yarinyar ya juya a hankali wajen ubanta. "Kai mai ganin laifin aikin kowa, mi ka gina bayan ƙofar nan?"

Gidaɗo ya sunkuyar da kai. Bai gina komai ba. Haka ake aikin: abin da hoto ba zai nuna ba, ba a ɓata lokaci a kansa. Fuska ce kawai da gefe ɗaya, bayansu ba daɓe, ba rufi, ba ɗaki.

"Duhu ne, ba ƙasa ba sama," in ji muryar. "Da tsofaffinmu da jariranmu. Shi ya sa munka biyo mai ƙofar."

Malam ya yi barazana, ta yi dariya. Ya yi lallashi, ta saurara. A ƙarshe ta ce za su fita in an ƙarasa musu gidan.

Gidaɗo ya kawo kwamfutarsa gefen tabarmar 'yarsa. Kwana da kwanaki yana gina ɗakuna, da rijiya, da madafa, da tsamiya a tsakar gida. Duk yamma muryar takan duba da idanun Ni'imatu. "Wannan inuwar ƙarya ce." Ya gyara. "Bangon nan bai san hannun mutum ba, ya cika santsi." Ya gyara. Bai taɓa aiki mai kyau irin wannan ba, bai kuma taɓa ƙin aiki kamarsa ba.

Ranar da muryar ta ce gidan ya yi, Malam Jumare yana zaune. Gidaɗo ya kai hannu zai goge 'yarsa daga ƙofar hoton.

"Bar ta nan," in ji muryar. "Ita ta karɓe mu."

"Ba mu yi haka da ke ba," in ji Malam, ya ɗaga karatu.

Jikin yarinyar ya sandare, jini ya ɓalle mata ta hanci, numfashinta ya fara yankewa. Hadijatu ta ƙwala ihu. Malam ya tsaya, gumi na zuba daga gemunsa, ya dubi Gidaɗo.

"In na matsa, jikin ga ba ya ɗauka. In na bari, ban san mi za su bar maka ba. Ɗiyarka ce, kai za ka zaɓa."

Gidaɗo ya dubi ƙirjin nan da ƙyar yake ɗagawa. Ya janye hannunsa.

Ni'imatu ta yi atishawa mai ƙarfi, ta faɗi. Icen bai ƙara faɗowa ba, zaure ya yi tsit. Da ta farka ta nemi ruwa, ta ci tuwo, Hadijatu ta yi sujada tana kuka. Maƙwabta suka yi ta shigowa barka.

Ta yi ƙiba, ta warke, amma ta zama mai ladabin baƙo. Takan nemi izini kafin ta shiga ɗakin uwarta. Takan nufi bango inda ba ƙofa, daidai inda ƙofa take a gidan hoton, ta tsaya tana mamaki. Malam Jumare ya dawo, ya dawo, daga baya ya ce sai dai addu'a.

Wata yamma Gidaɗo yana alwala, ta zo ta durƙusa a gefensa, ta gaishe shi da kyau.

"Baba mai gidan ga, don Allah ko ka san hanyar gidanmu? Magariba ta yi, za a neme ni."