Hannun Lopeti

Da magariba, ana shirin tashi daga aiki a masana'antar kaji, injin niƙa ƙashi ya cije. Bradley, shugaban layi, ya yafito Kalolaine.

"Je ki zaro abin da ya maƙale. Minti biyu."

Injin nan ne ya cinye hannun Lopeti, ɗan ƙauyen su Kalolaine a ƙasar Tonga, wata huɗu da suka wuce. A ranar, Lopeti ya kashe wuta, ya sa kwadonsa a makunni yadda doka ta ce. Bradley ne ya sa aka yanke kwadon, aka kunna injin, wai aiki na jira. A idonta aka yi. Amma da aka kawo takardar bincike, ta sa hannu cewa Lopeti bai kulle ba. Kada ku yi saurin zaginta: bizarta ta Ostareliya a hannun kamfanin take, baki bakwai kuma ke ci daga guminta. Aka mayar da Lopeti gida ba diyya. Hannun kuwa, ko farce ba a samu ba.

Ta kashe wuta, ta danna nata kwadon, ta jefa mabuɗin cikin riga. Ɗakin ba kowa. Ƙarnin jini, warin bilic, ruwa na ɗiga a kwata.

Ta zura hannun dama cikin injin har gwiwar hannu. Kitse, fata, sanyi.

Wani abu ya damƙi wuyan hannunta. Yatsu biyar, cikin safar hannu ta ƙarfe irin ta ma'aikata.

Ta ja. Bai saki ba.

A bayanta, ƙas! Kwadon ya faɗi ƙasa.

Injin ya soma gurnani.

"Lopeti," ta ce da raɗa. "Yayana, ƙarya na yi. Zan faɗa. Zan faɗa musu."

Haƙoran ƙarfe suka motsa.

Yatsun suka buɗe, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa.

Ta fizge. Injin ya tafi da safarta da rabin ɗan yatsa.

Washegari daga gadon asibiti ta kira Tonga. Kafin ta gaishe shi, Lopeti ya riga ta.

"Kalo, ke ce? Wata huɗu hannun nan da babu shi yana min zugi. Jiya, muna tsakiyar addu'a, na ji ya kama wani abu mai ɗumi." Ya rage murya. "Da ƙyar na lallashe shi ya buɗe. Ki yi abin da kika ce, ƙanwata. Ba na jin zai sake saurarata."