Harsashin Da Ya Shiga A Gicciye

Ranar da aka buɗe farautar barewa da bindigar ɗure, Wendell Zerbe ya faɗi matacce cikin dusar ƙanƙara a bayan gonarsu. Matarsa Marlene na tafe a gefensa, kafaɗa da kafaɗa.

Sufeto Arlen Kutz ya tarar da ita a kicin.

"Daga cikin itatuwa aka harbo, Yallaɓai. Hayaƙi kawai na gani."

An tsinci bindigar a gindin wani itace tana warin albarushi. Kowa ya san ta. Doguwar tsohuwar bindigar Harlan ce, mahaifin Marlene, wanda tsufa ya fara taɓa wa kai.

"Baba, ka fita da safe?" in ji Sufeto.

Tsohon ya dubi 'yarsa a firgice. "Ban sani ba, 'yar nan. Ni ne?"

Marlene ta riƙe hannun mahaifinta. Ga miji a ƙasa, ga uba za a kulle.

Curtis, ƙanin mamacin, bai ma jira tambaya ba. "Na sha faɗa a raba tsohon nan da bindiga! Ni ina wajen shanu, ban ji komai ba."

Washegari likita ya miƙa wa Sufeto dogon harsashin da ya ciro daga jikin Wendell. "A gicciye ya shiga."

Sufeto, wanda shi ma maharbi ne, ya haska cikin bututun bindigar Harlan. Murɗin ciki, wanda ke juya harsashi ya tafi saiti, sako-sako ne, irin na dunƙulallen harsashin dalma. Dogon harsashi sai murɗi mai tsauri irin na bindigar zamani, in ba haka ba ya yi ta wuntsilawa a iska ya tafi inda ya ga dama.

Ya kai wa Harlan harsashin. "Baba, ɗura mini wannan."

Tsohon da ke manta sunan jikokinsa ya ture masa hannu. "A tawa? Kai, ka sha wani abu ne?"

Sufeto ya juya kan Curtis. "Wa ke da bindigar zamani a gidan nan?"

"Ni, amma tana rataye."

"Ita tana rataye. Kwalin harsashinta fa, na cikin motarka, me ya sa guda ɗaya ya ɓace?"

Curtis ya zube kan kujera.

"Ba Yaya na auna ba! Marlene na auna! Ita ke zuga shi ya sayar da gonar ubanmu. Bindigar tsohon na ɗauka na ɗura mata harsashina. Na saita ta sosai, sai na ga Yaya ya faɗi."

Marlene ta dafe kafaɗarta, wadda ke manne da kafaɗar mijinta jiya da safe.

Da aka fita da Curtis da ankwa, Harlan ya ja rigar Marlene.

"Ni ne, 'yar nan?"

"A'a, Baba," ta ce. "Bindigarka ma ƙin kashe ni ta yi."