Burushin da Aka Bari a Gindin Tsani

A wani gari can, an yi wani mai fenti wanda kullum cikin sauri yake, kamar ana korarsa.

Wata rana wata tsohuwa ta kira shi ya yi wa ɗakinta fenti, domin washegari za a yi sunan jikarta. Bango shuɗi take so, bakin tagogi kuma fari.

Burushi biyu gare shi, mai miƙaƙƙen baki na shafe bango, da mai karkataccen baki na bin gefe da lungu. Ya suri miƙaƙƙen, ya rataya gwangwanayen fenti, ya haye tsani. Nan da nan bango ya yi shuɗi.

Da ya iso taga ta farko, tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, ba za ka sauko ka ɗauki ɗayan ba?"

Ya ce, "Iya, ba lokaci!"

Ya ja fari, fari ya hau kan shuɗi. Ya ja shuɗi, shuɗi ya hau kan fari. Ya yi tsaki, ya sake ja.

"Ɗan nan, sauko mana."

"Iya, ba lokaci!"

Azahar ta wuce, la'asar ta wuce, taga ta yi dabbare-dabbare, gumi na zuba masa cikin ido. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya sauko ya ɗauki karkataccen. Ja ɗaya ya yi, layi ya fito sambal.

Ya ce, "Iya, bari in yi sauran tagogin!"

Tsohuwa ta dubi rana tana faɗuwa, ta ce, "Ɗan nan, yanzu kam ba lokaci."